Shekarar da Na Gaisa da Mushe

Ku 'ya'yana, na san kun taso kuna jin ana cewa wai saniya ce ta fitar da mahaifinku daga Kalgo. Ba wanda ya taɓa tarata da maganar a cikinku, kunya ta hana, amma ni ba kurma ba ne. Ranar da babbarku ta dawo daga gidan biki idonta jawur ta ce wai hayaƙi ne, na san abin da aka gaya mata. Shekara da shekaru na yi shiru, ina ganin wanda ya san gaskiyarsa ba sai ya yi shela ba. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, na gane shirun nan ku yake cuta. Saboda haka ku gyara zama in faɗa muku yadda aka yi, da inda na yi daidai, da inda bakina ya ja mini.

A shekarar da naira ta fito ina malamin dabbobi a Kalgo. Innarku Hauwa na goyon na biyunku, muna zaune a wani gida mai ɗaki biyu bayan kasuwa, dukiyata duka keke ce da akwatin allura. Tun ina sabon shiga aiki na yi yawon rigakafin bushiya. Ku ba ku san bushiya ba, Allah kada ya sa ku san ta. Ciwo ne da in ya shiga garke, saniya ta fara hawaye da dalala, baki ya yi gyambo, zawo ya biyo baya, kafin mako biyu mai garke ya koma mai sanda kawai. Da ƙasashe suka ga ciwon bai san iyaka ba, sai suka haɗa kai. Mu da Nijar da sauran maƙwabta, kowa ya yi wa shanunsa allura iri ɗaya, kuma duk wadda aka yi wa, sai a sa awartaki a cire mata ɗan yanki a gefen kunne, mai kamar ganye uku. Shaida ɗaya ce ko'ina. An koya mana cewa in ka ga wannan shaida, ko daga ina saniya ta fito, ka ɗauka kai ka yi mata allurar da hannunka. Ni dai ban taɓa ganin takardar da manya suka sa wa hannu ba. A kunnen shanu na karanta ta, na kuwa yarda da ita har zuciyata.

Sai fari ya zo. Damina ta yi ƙarya, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mu nan da sauƙi, don fadamar gulbi ba ta rasa ciyawar burugu da ɗan ruwa. Arewa da mu kuwa, ƙasar da tsofaffinmu har lokacin suke kira Faransa, abin ba a magana. Wata ranar kasuwa wani Bafillace dogo, ana ce masa Ardo Manu, ya shigo Kalgo daga wajen Dogon Dutsi. Ya bar garkensa a bakin fadama, ya zo neman gishiri da izinin kiwo. Ni ina wani ƙauye ranar, daga baya aka ba ni labari. Aka kewaye shi kusa da rumfar mahauta aka ce ina takardarsa. Ya fiddo wata daga 'yar jakar fata da ke wuyansa, duk Faransanci, ba wanda ya iya ko harafi ɗaya. Da ya ga ana jujjuya ta ana taɓe baki, sai ya ce, wai don ya kwantar musu da hankali:

"Kada ku damu, muna tahe da mushe. Yana can rugga kwance. Ku taho ku gan shi, ku san komi."

Tabɗi! Kafin ya rufe baki mutane sun dare. Mushe a garken da ya tsallako iyaka, a shekara irin wannan, ma'anarsa ɗaya ce a kunnen kowa: saniya ta mutu da ciwo, bushiya ta dawo. Ko da na iso gari da la'asar, mushe ɗaya ya zama goma, har akwai mai rantsuwa da idonsa ya ga ungulu. Wani kuma ya riga ya hau mota ya kai labari ga babbanmu na aikin dabbobi. Kashegari da hantsi masinja ya kawo mini takarda: a juya garken zuwa iyaka cikin kwana biyu, kada ma in kusance shi, don kada in ɗauko ciwon a takalmina in raba wa gari.

Na karanta ta sau uku. Sannan na fito da keke na fara ɗaura akwati. Innarku na bakin murhu, ta ɗago kai.

"Malam, an ce kada ka kusance su. To mi kaka ɗaurin akwati ga keke?"

"Leƙawa kawai zan yi."

"Na san leƙenka. Kai ba ka taɓa leƙa abu ka dawo bakinka ruhe ba. Ɗiya biyu gare mu, ga Baba can Gwandu ya tsuhwa. In sunka kore ka, mi za mu ci? Kunnen shanu?"

Ta gama faɗanta tas, amma ita ce ta cika mini gora da fura, har ta ƙunsa wasu dawo a ganye ta cusa cikin akwatin, ta ce ko akwai mata a can. Haka Innarku take, bakinta ya hana, hannunta ya ba da.

Na isa bakin fadama rana ta fara zafi. Wallahi abin tausayi. Shanu ne manya, jajaye masu dogon ƙaho, amma kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Na ɗaura ƙyalle a hanci, na jingine keke can gefe. Ardo ya taso da fara'a yana jero gaisuwa, ni kuwa ko amsa kirki ban yi masa ba.

"Ina mushen?"

"Yana cikin bukka, barci yakai."

Raina ya ɓaci nan take. Na ɗauka ba'a yake yi mini, ni da na taka umarni na zo dominsa.

"Ardo, ban zo wasa ba. Yaushe ya mutu?"

"Subhanallahi! Wa ya mutu? 'Yar masassara ta dai." Ya juya ya ɗaga tabarmar bakin bukka. "Mushe! Mushe Hamma! Taso, ga likitan shanu ya zaka."

Sai ga mutum ya fito a sunkuye, siriri, da riga shat da wando, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya gyara tsayuwa, ya miƙo mini hannu da ladabi, ya ce:

"Sannu da zuwa, Mushe."

Na ce, "Af! Ni ne kuma mushen yanzu?"

Sai da muka zauna ya warware mini. Ashe a ƙasarsu malamin makarantar boko mushe ake ce masa, haka ma duk wani ma'aikaci mai wando, daga kalmar da Faransawa ke kiran namiji da ita don girmamawa. Shi ƙanen Ardo ne. Garin da yake koyarwa ya watse saboda yunwa, aji ya zama ba kowa, shi ne ya biyo garken yayansa. Abin da Ardo ke nufi a kasuwa, suna tafe da mai ilimin da zai karanta musu takarda. Na cire ƙyallen hanci na yi dariya har sai da cikina ya ƙulle. Ardo kuwa da ya fahimci abin da Kalgo ta ji, bai yi dariya ba. Ya dafa kai ya ce:

"Ashe da bakina nik kashe shanuna."

Mushe Hamma ya karanta mini takardar layi layi yana fassarawa. Likitan dabbobinsu ne ya rubuta cewa an yi wa garken allura, ga hatimi. Amma ni ba takarda na zo dubawa ba. Na tuɓe riga, muka shiga cikin shanu, Ardo na kamawa ina duba kunne, ina buɗe baki, ina leƙa ido. Tun daga tsohuwar da haƙora suka ƙare har 'yan bana bakwai, kowace da shaidarta, irin wadda awartakina ke yi, ba bambanci. Baki fes, ido fes, ba zawo. Yunwa ce kawai ke cin su. Azahar ta yi muka yi salla tare, sannan na fiddo takardar babbanmu na gaya musu abin da ke ciki. Mushe Hamma ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Hanyar da munka biyo, rijiyoyin sun ƙahe bayanmu. In sunka koma, ba su kai iyaka. Ba gardama nika yi da hukumarku ba, ina dai hwaɗa maka abin da nig gani."

Ardo na tsaye hannunsa a kan tozon wata saniya, yana kallon burugun fadama, ga shi kore, tafiyar da ba ta fi jifa biyu ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji tsoro. Na tuna maganar Innarku, na tuna Baba. Amma littafin izinin kiwo na cikin akwatina, hatimi na ciki, kuma na san in na juya garken nan, duk shekarun da na yi ina huda kunnen shanu ina gaya wa Fulani ko'ina za a karɓi wannan shaida, ƙarya na yi musu. Na ɗora littafin a gwiwa na rubuta, na buga hatimi.

Matar Ardo ta kawo ɗan nono a ƙwarya, na sha don kada in kunyata ta, na ba ta dawon Innarku. Ina ɗaura akwati sai na ga Ardo ya jawo wata karsana da igiya yana nufo ni. Na daka masa tsawa na ce ya mayar da ita kafin in yaga takardar. Ya mayar. Abin da ban lura ba, akwai mutanen gari da suka biyo ni suka tsaya can nesa kan tudu, tsoron ciwo ya hana su matsowa. Sun ga an jawo karsana wajena. Ba su tsaya sun ga an mayar ba, suka ruga gari da labari.

Bayan kwana uku babbanmu ya iso da kansa. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, kuma ba mugu ba ne. Yana yaro bushiya ta share garken gidansu, tsoronsa na da dalili. Ya tsaya a gaban ofishina, mutane sun taru, na ba shi labarin mushe tun daga farko. Na ga gefen bakinsa ya motsa, amma ya haɗiye dariyar.

"Ko da mushen ya tashi ya yi salla, ni na ba ka umarni. Wannan yarjejeniya da kake ta faɗa, ta Ikko da Yamai ce. Kai wane ne a cikinta?"

"Ranka ya daɗe, Ikko ba su kiwon shanu. In ba ta yi aiki a Kalgo ba, a ina za ta yi? Kuma namu Fulanin da damina arewa suke hawa. In muka ƙi shaidar mutanen nan yau, da wane ido za mu ce su karɓi tamu gobe?"

Da na tsaya nan, da ƙila an wuce wurin. Amma kun san ni. Na ga maganar ta kama shi, sai kaina ya kumbura, na ƙara da cewa:

"Ko dai Ranka ya daɗe bai karanta ta ba ne?"

A gaban direbansa, a gaban mahauta. Wannan kam laifina ne, kuma har gobe ina jin kunyarsa. Ya shiga mota ya tafi fadama, ya duba kunnuwan shanun da hannunsa, don shi ma ya san aikinsa. Bai yaga izinin ba, garken ya zauna ya ci burugu har ruwa ya sauka. Ni kuwa kafin wata ya ƙare takardar tuhuma ta zo, canjin wurin aiki ya biyo ta, aka tura ni ƙauyen Ceberu. Ƙarin girman da ake ta cewa nawa ne a shekarar, wani ya samu, kuma bai sake waiwayo ni ba har na bar aiki. A takarda rashin biyayya aka rubuta. A bakin mutane kuwa karsana ce, kuma bakin mutane ya fi takarda gudu, ya riga ni isa Gwandu.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya karya ni a gidanmu ya faru. Kakanku malami ne, irin mutanen Gwandu na da, masu tsantseni a kan abin da zai shiga cikinsu. Na saba in na zo gaishe shi in kawo shinkafa da busasshen kifi. Zuwana na farko daga Ceberu na ajiye kayan a zaure kamar kullum. Da na dawo bayan mako biyu na tarar da su inda na bar su, ko ɗaurin ba a kwance ba. Na durƙusa na ce, Baba, lafiya? Ya rufe littafin da ke gabansa.

"Abdu, barin shanun da kay yi, daidai na. Alkawalin da sarakuna sunka ɗauka, ya hau kan talakawansu, ko ga littahi haka yake. Maganar karsana kau, ban ce ka amsa ba, ban ce ba ka amsa ba. Ban gani ba. Amma ka san abin da ad da shakka ba shi shiga cikina."

"Baba, in rantse maka?"

"A'a. Ba ni son ɗana ya yi rantsuwa kan saniya. In akwai shaida, Allah na kawo ta."

Bai yi fushi da ni ba, bai daina sa mini albarka ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Shekara biyu kakanku bai ci ƙwayar abincina ba. Da aka haifi na ukunku ya zo suna Ceberu a kan jaki, ya yi addu'a, ya raɗa suna, da aka kawo tuwo sai ya fiddo gorar furarsa da ya taho da ita daga gida. Innarku ta gani ta tsakanin zana. Ranar ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba, amma ko sau ɗaya ba ta ce mini ai na gaya maka ba.

Bayan damina biyu masu albarka, wata ranar Alhamis da hantsi aka aiko daga Gwandu wai in zo, na yi baƙi daga Nijar suna zauren Baba. Innarku ta yi maza ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kifi, ta ce ba a tarar baƙi hannu sake. Na ɗaura kwanon a bayan keke na kama hanya. Ina shiga zaure na ga Ardo Manu, ya yi ƙiba har na kusa ban gane shi ba, ga ƙanensa a gefe da sabon tabarau. Garken ya koma gida lafiya, makaranta ta sake buɗewa. Mushe Hamma ya rubuta wa hukumarsu labarin abin da ya faru, su kuma suka ba shi takardar godiya da hatimi ya kawo mini, an rubuta sunana da irin rubutunsu har ni kaina ban gane shi ba. Sun je Kalgo nemana, a can suka ji abin da ake faɗa a kaina. Shi ne ba su nemi Ceberu ba, suka tambayi gidan mahaifina.

Na ajiye kwanon a gabansu, na koma bakin ƙofa na zauna. Baba ya karɓi takardar, ya dube ta sama da ƙasa, ya miƙa musu abarsu.

"Wagga ta gwamnati ta, ku kai musu. Ni bakinku nika so. Ardo, tsakaninka da Allah, mi ɗana ya amsa gare ka?"

"Nono, Malam. Rabin ƙwarya, shi ma sai da anka matsa mai. Karsana kam na jawo mai, ba ni ɓoyewa. Ya yi mani tsawar da ko ubana bai taɓa yi mani irinta ba. Tana nan garke, ta haihu."

Baba ya juya ga ƙanen.

"Kai hwa, ƙaƙa sunanka?"

"Mushe Hamma, Malam."

"To, cikin zauren ga dai Malam Hamma kake. Kana wurin?"

"Ina wurin. Da idona nig ga an mai da ita, kuma abin da za ni hwaɗi ke nan ranar da za a tambaye ni."

Sai Baba ya jawo buta ya wanke hannu. Ya miƙa hannu ya jawo kwanon da na kawo wa baƙi, ya buɗe, ya ce su matso, ya yi bisimilla ya yanki loma. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya sake yanka. Bai dube ni ba, ya ce:

"Abdu, ka hwaɗa ma Hauwa gishiri ya yi yawa."

Ya ci gaba da ci. Mutumin da loma biyar ke isarsa, ranar sai da baƙi suka janye hannu suka bar masa, ya suɗe kwanon tas. Ni ban iya zama ba. Na fita na zagaya bayan zaure, da gemuna da kome, na jingina da bango na yi kuka.

Da yamma na koma Ceberu na miƙa wa Innarku kwanon. Ta buɗe ta ga wayam, ta ce baƙin sun ji daɗinsa ke nan. Na ce ba baƙi ba ne, Baba ne. Ta dube ni, ta sake duba kwanon, sai ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da gefen zane. Saƙon gishirin kuwa, har ta koma ga Allah ban isar mata ba.